Wa Ke Shanye Wutar Batirin Motar Kawu?

Motar Kawu ba ta ƙin tashi sai ranar Litinin. Daga Talata zuwa Juma'a, murɗa makulli ɗaya ya ishe ta. Amma in ta yi Asabar da Lahadi a ajiye a tsakar gida, da safiyar Litinin sai dai a ji kik yana ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod su dusashe, a shiga neman maƙwabcin da zai kawo tasa motar a jona waya. Toyota Corolla ce ƙirar 2005, mai giya otomatik, ko turawa ba ta karɓa. Kawu kuwa malamin makaranta ne, kuma duk wanda ya san cunkoson Kano da safe ya san abin da makarar rabin awa take jawowa.

Kowa ya yanke hukunci iri ɗaya: batir ya mutu. Kawu ya je Ƙofar Ruwa ya sayo sabo dal, mai rubutun 12V 62Ah a jikinsa. Aka ɗan samu sauƙi, sannan aka koma 'yar gidan jiya. A nan ne ya kira ni.

"Ɗana, zo ka duba mini motar nan. Batir sabo, amma Litinin tana yi ta sake kwantawa. Wasu sun ce in mayar wa mai shago kayansa."

"Kawu, a dakata da mayarwa tukuna. A bari mu auna."

Kayan da na zo da su ba su da yawa: ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, wadda ake samu a Sabon Gari, da sifana mai lamba 10, da sukudireba, da filaya, da salatif ɗin wayarin. Ɗan Kawu, wanda yake ajin ƙarshe a sakandare, shi ya zama mai haska mini tocila da rubuta lambobi a bayan littafinsa.

Batir kamar randa yake. In ka tarar da ita wayam da safe, ɗayan uku ne: ko ita ce ta tsage, ko mai ɗebo ruwa bai cika ta ba, ko kuma akwai mai ɗiba da dare. Ranar Litinin ɗin nan ita kanta shaida ce a kan wanda ya fi kusa da laifi. Batirin da ya lalace ba ya zaɓen rana, kowace safiya mai sanyi zai iya kunyata mai shi. Altaneta da ta daina caji kuma a tsakiyar mako take nuna kanta, sau da yawa ma a kan titi, domin motar tana cin abin da ke cikin batir ba a mayar masa. Amma motar da ba ta mutuwa sai ta daɗe a ajiye, asararta tana bin yawan awoyin da ta yi a tsaye ne. Zatona ya karkata ga na uku, sai dai zato ba ya gyara mota. Muka fara daga farko.

Batir da altaneta

Batirin mota bai canja sosai ba tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro irinsa a 1859: faranten dalma ne a tsome cikin ruwan asid. Ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir da ya huta yake nuna 12.6 a mita. In ya nuna 12.2, ya zo rabi. In ya sauka 12.0, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka wanda ya ga 12 ya ce lafiya ƙalau, bai karanta mitar daidai ba.

Muka kwance batirin muka kai wa mai caji ya cika shi. Da aka dawo da shi, ba mu auna nan take ba, domin batirin da ya fito daga caji yakan nuna fiye da abin da yake da shi har sai ya yi wasu awoyi yana hutawa. Da ya huce ya nuna 12.6. Sai muka ajiye shi shi kaɗai a kan katako a zaure, ba a haɗa shi da komai ba, ya yi ƙarshen mako a nan. Ranar Litinin mita ta sake nuna 12.6. Muka ɗaura shi a mota, na riƙe wayoyin mita a kawunansa biyu, Kawu ya murɗa makulli. Lambar ta faɗo 10.7 na ɗan lokaci, inji ya kama. Ƙa'idar ita ce kada ta sauka ƙasa da 9.6 lokacin da kik yake jan wuta. Batir ya fita daga zargi, mai shago ma haka.

Na kuma duba samansa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid a saman batir, takan zama hanyar da wuta ke silalewa daga wannan kai zuwa wancan. Ana gane haka in aka ɗora baƙar wayar mita a kan da ke da alamar ɗebewa, aka riƙa jan jar wayar a saman robar: in lamba ta fito, datti yana ɗaukar wuta. Maganinsa ruwan ɗumi da aka narka bekin soda a ciki, ko tataccen ruwan kanwa, a goge a busar, kada a bari ya shiga cikin ɗakunan. Na Kawu sabo ne, samansa fes.

Inji yana tafiya a silo, mita ta nuna 14.1. Muka kunna manyan fitilu da fankar AC da rediyo, ta tsaya a 13.9. Altaneta mai lafiya tana ba da tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. Ke nan tana cika batir yadda ya kamata. Amma ban sallame ta gaba ɗaya ba, saboda tana da wata hanyar ɓarna da ba a gani sai inji yana kashe.

Awon da ya tabbatar da zato

Wannan awon shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka sai da na zaunar da ɗan Kawu na yi masa bayani kafin mu taɓa komai.

Awon bolt a gefe ake yin sa: ka taɓa kawunan batir biyu ka karanta. Awon yawan wutar da ke gudu kuwa, wato amfiya, dole mitar ta shiga cikin hanyar, ta zama gada wadda duk wutar da za ta fita daga batir sai ta bi ta kanta. Don haka ake cire jar wayar mita daga raminta na kullum a mayar da ita ramin da aka rubuta 10A, a juya maɓalli zuwa 10A na wutar batir. Daga nan mitar ta zama tamkar guntun waya. Duk wanda ya manta ya taɓa kawunan batir biyu da ita a haka, ya haɗa tartsatsi da hannunsa. Kuma muddin mita tana tsakani, ba a murɗa makulli. Kik yana jan amfiya sama da 100, mitar kuwa 10 ce iyakarta.

Na cire agogo da zobe, na ce kada wanda ya kawo wuta ko taba kusa, domin batir yana fitar da iska mai kamawa. Sannan muka shirya motar yadda za ta ɗauka an rufe ta an tafi. Muka zare makulli. Muka buɗe ƙofar direba, saboda za mu buƙaci shiga wurin fiyus, amma na sa sukudireba na danna harshen makullin ƙofar, na kuma danne ɗan maɓallin jikin ginshiƙi da salatif, don fitilar ciki ta mutu kamar ƙofa a rufe take. Muka zare cajar waya daga wurin kunna taba.

Da sifana mai lamba 10 na sassauta kan batir mai alamar ɗebewa. Shi ake taɓawa, ba mai alamar tarawa ba, domin shi ne yake haɗe da jikin mota, ko sifana ta goga ƙarfe babu abin da zai faru. Na maƙala wayar mita ɗaya a jikin maɗaurin, ɗayar a gindin dalmar batir, sannan na ɗaga maɗaurin a hankali, yadda hanyar wuta ba ta yanke ko sau ɗaya ba.

Lamba ta fito sama da 1.

"Yaya, ga shi nan mun kama shi!"

"Ba tukuna ba. Rubuta lokaci, mu jira."

Mota ba ta yin barci da zarar an zare makulli. Kwamfutocin cikinta sukan ɗauki lokaci suna kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar mota irin ta Kawu mintuna kaɗan take yi, amma sababbi sukan kai rabin awa, wasu ma kusan awa guda. Wanda ya yi gaggawa zai kama mai gaskiya. Muka zauna muka sha shayi. Da muka dawo, lambar ta sauka ta tsaya cak a 0.57, ba ta ƙara motsi ba.

Kowace mota tana shan wata 'yar wuta ko tana ajiye, don agogo ya riƙe lokaci, rediyo ya tuna tashoshi, rimot ya samu mai amsa masa. Ana ɗaukar abin da bai wuce 0.05 ba a matsayin daidai. Tamu ta ninka haka fiye da sau goma.

Na ce wa yaron ya yi lissafi. Rubutun 62Ah yana nufin, a taƙaice, batirin zai iya ba da amfiya ɗaya na tsawon awa 62. Daga dare zuwa safiya, awa 12 sau 0.57, kusan 7 ke nan: batir zai jure, tafiyar makaranta ta mayar masa da wani abu. Amma daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin awa 60 ne ko fiye, wato kusan 34 daga cikin 62. An wuce rabi, kuma batirin da ma bai shiga ƙarshen mako a cike ba, tunda gajeriyar tafiya a cikin gari ba ta cika shi. Lissafi ya yi daidai da abin da ake gani. Saura sanin ta ina wutar take bi.

Fiyus ɗaya bayan ɗaya

Wutar mota tana rarrabuwa ne ta fiyus, kowane fiyus da sashensa. In ka zare wanda ɓarnar take bi ta kansa, lambar mita za ta faɗi. Akwatunan fiyus biyu ne a wannan motar, ɗaya a ƙarƙashin bonet kusa da batir, ɗaya a ƙasan dashbod ta wajen direba. Kafin mu taɓa ko ɗaya, na ɗauki hotonsu da waya, don kowanne ya koma raminsa. Fiyus mai lamba 10 ba ya zama a gurbin mai lamba 25, haka ma akasin haka.

Ina zarewa, ɗan Kawu yana kallon mita yana faɗa mini. Na fitilun gaba, babu canji. Na hon, babu canji. Na sigina, babu. Da na zare wani shuɗi mai lamba 15, wanda aka rubuta DOME a kan murfin akwatin daidai gurbinsa, sai yaron ya ɗaga murya.

"Ta faɗi, Yaya! 0.17!"

Wannan fiyus ɗin ba abu ɗaya yake ciyarwa ba. A kansa fitilar rufin ciki take, da agogo, da ƙwaƙwalwar rediyo, da fitilar but. Ya nuna mana sashe ne kawai. Na mayar da shi, lamba ta koma 0.57. Fitilar rufi a kashe take, muna ganinta. Na zaro rediyo na cire soket ɗinsa, abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Agogo ba ya cin komai.

Abin da ya faɗi kusan 0.4 ne, kuma wannan lambar tana da ma'ana. In ka raba wat da bolt, za ka samu amfiya. Ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5, a raba da 12, yana ba da kusan 0.4. Wani ƙwai ne yake ci a inda ido ba ya kaiwa.

Muna cikin wannan magana Hajiya, matar Kawu, ta fito da tiren abinci, ta tsaya tana sauraro.

"Malam, ni fa a ganina abin nan bai tsananta ba sai bayan da a-daidaita-sahun nan ya buge ku ta baya, aka kai ta wajen masu bugun jiki."

Kawu ya yi shiru yana tunani, ya ce haka ne, bai taɓa haɗa biyun ba.

Fitilar but tana da wahalar kamawa, domin in ka buɗe dole ka gan ta a kunne, in ka rufe kuma ba ka ganin komai. Na kunna bidiyo a wayata, na ajiye ta a cikin but tana kallon sama, na rufe, muka ɗan jira. Da muka kalli bidiyon, an ji ƙarar rufewa, hoto ya girgiza, amma duhu bai zo ba. Ga darduma a naɗe, ga galan ɗin ruwa, ga hannun jak, duk a cikin haske mai ruwan ɗorawa har zuwa lokacin da na buɗe. Na kai hannu ga murfin fitilar, da zafi, kuma robar ta yi launin ƙasa a tsakiya saboda daɗewa tana gasuwa.

A irin wannan wayarin, wuta tana zaune a jikin ƙwan koyaushe. Maɓallin da ke cikin makullin but shi ne yake haɗa ɗaya wayar da jikin mota in an buɗe. Ke nan duk inda wannan wayar ta taɓa ƙarfe, fitila za ta kama ko maɓalli bai ce komai ba. Muka ɓalle kafet ɗin bayan but muka bi wayar da tocila. Daidai inda aka buga ƙarfe aka miƙe shi, wayar ta matse tsakanin ƙarfe biyu, rigarta ta yage, jan ƙarfen ciki yana kwance a jikin mota. Na zaro ta, na naɗe wurin da salatif sosai, na sauya mata hanya nesa da kaifin, na ɗaure. Bidiyo na biyu ya nuna duhu tun daga rufewa.

Da saura

Mita ta nuna 0.19. Kawu ya yi hamdala, ya ce a rufe bonet a zo a ci abinci.

"Kawu, da saura. Har yanzu ta kusa ninka ƙa'ida sau huɗu."

"Wannan 'yar kaɗan ɗin ma za ta kashe batir?"

Yaron ya sake lissafi. 0.19 sau 24, kusan 4.5 a kowace rana. Ƙarshen mako ba zai kayar da motar ba, amma mako guda a ajiye zai cinye rabin batir. Sai Kawu ya tuna cewa tun kafin haɗarin, duk lokacin da ya tafi ƙauye hutun Sallah ya bar motar a gida, sai an jona mata waya in ya dawo, kuma batiran da ya riƙa saye ba sa yin ƙarko. Ya ɗauka halin batiran zamani ne. Ashe ɓarna biyu ce a motar, sabuwa mai girma ta rufe tsohuwa.

Muka koma kan fiyus. Na gama na ƙarƙashin bonet, na kwanta a ƙasan dashbod na gama na ciki, na zare rile-rilen da ke cikin akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Lambar ba ta sauka yadda ake so ba ko sau ɗaya. Wannan ma amsa ce: wutar tana bin hanyar da ba ta ratsa ƙananan fiyus.

Zargi ya dawo kan altaneta. Wutar da take haifarwa mai kai da komo ce, don haka akwai diyod aƙalla shida a cikinta da suke barin wuta ta wuce zuwa batir, su hana ta dawowa. In ɗaya ya lalace, altaneta za ta iya ci gaba da caji da rana, da dare kuma batir ya riƙa tsiyayewa ta cikinta. Ana gwada wannan da taka-tsantsan, domin babbar wayar da ke bayanta tana ɗauke da cikakken ƙarfin batir. Na cire mita gaba ɗaya, batir ya zama a yanke, sannan na kwance wayar na naɗe bakinta da salatif, na zare soket ɗin gefe, na mayar da mita. Bayan jira, 0.19. Altaneta ta fita sarai. Na sake yanke batir na mayar mata da wayoyinta.

Abin da ya rage shi ne in duba kan batir mai alamar tarawa da kyau. Na ɗaga jan murfin robar da ke rufe da shi. A ƙarƙashin noti, ban da manyan wayoyin kamfani, ga wata siririyar waya an murɗa bakinta an zagaye ƙusa da shi. Wayoyin kamfani a ɗaure suke cikin baƙar riga mai gargada, da bakin ƙarfe da aka matse da inji. Wannan kuwa ita kaɗai take tafiya, an lulluɓe ta da salatif da ya tsufa ya yi danƙo, ƙura ta rufe ta har ta saje da sauran. Na cire ta. Mita ta faɗo 0.03.

Abu mai ɗumi a ƙarƙashin sitiyari

Kawu ya ce bai san da ita ba. Hannu na biyu ya sayi motar, kuma bai taɓa sa an ƙara mata komai ba. Na cire mita, na ɗaure kan batir, na bar siririyar wayar a cire, na ce ya tayar. Kik ya yi ta juya inji da ƙarfinsa, inji bai kama ba. Na mayar da wayar, ya murɗa, ta tashi nan take. Wayar da ba ta kamfani ba, amma mota ba ta tashi sai da ita.

Muka bar sauran aikin zuwa safiya. Da sanyin asuba, mota ta kwana a kashe, ƙarfenta kamar ƙanƙara, muka bi wayar. Ta ratsa ta cikin robar da ke bangon da ya raba inji da cikin mota, ta ɓace a bayan dashbod. Na gargaɗi yaron kada ya taɓa duk waya ko soket mai launin rawaya, domin na jakar iska ne. Hannunsa ya fi nawa siranta, ya zura shi sama da fedar birki yana laluba.

"Yaya, akwai wani abu a nan mai ɗumi."

Duk abin da ya kwana da ɗumi a motar da ta kwana a kashe, wuta yake ci. Muka jawo shi: dunƙulen salatif ne, a ciki akwai baƙin rile mai ƙafa biyar. Na koma wurin batir na riƙa taɓa siririyar wayar ina ɗagawa, yaron yana jin rilen yana ƙyas-ƙyas a tafin hannunsa.

Rile maɓalli ne da wuta take dannawa. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya wanda in wuta ta bi shi yake zama maganaɗisu, ya jawo ɗan ƙarfe ya haɗa wata hanyar. Na auna naɗin, ya nuna om 80. Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce a raba bolt da om a samu amfiya: 12.5 a raba da 80, kusan 0.16. Ita ce daidai tazarar da ke tsakanin 0.19 da 0.03.

Sauran ƙafafun rilen sun bayyana manufarsa. An yanke wayar famfon mai an bi da ita ta cikinsa. Wata waya kuma ta tafi wani ɗan ƙaramin maɓalli da aka ɓoye a bayan robar ƙasan sitiyari. Sikiyoriti ne na hana sata. Mai motar na farko in ya ajiye ta sai ya kashe ɓoyayyen maɓallin, rile ya saki, famfo ya rasa wuta, ɓarawo ya yi ta kik a banza, kuma batir ba ya asarar komai. Da aka sayar da motar, an bar maɓallin a kunne, ba a gaya wa Kawu ba. Tun daga ranar rilen yake riƙe dare da rana, domin wanda ya haɗa shi daga batir kai tsaye ya ɗauko masa wuta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu fiyus ko ɗaya a kan wannan wayar, daga batir har zuwa ƙarƙashin sitiyari. Mun riga mun ga abin da kaifin ƙarfe ya yi wa wayar but. Can akwai fiyus da ƙwan fitila a tsakani, asarar ta tsaya a kan batir. Nan kuwa da rigar ta yage a jikin bango, wayar za ta yi ja ta kama da wuta a kusa da ƙafar direba.

Gyara

Kawu ya ce yana son sikiyoritin, yanzu da ya san inda maɓallin yake. Sai muka zare tsohuwar wayar gaba ɗaya, muka nemo wa naɗin rilen wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. A nan akwai tarko. Layin rediyo da na wurin kunna taba suna ɗaukewa a daidai lokacin da ake kik, don haka in aka jona a nan, famfo zai mutu a lokacin da aka fi buƙatarsa. Da mita muka tantance layin da yake da wuta in makulli yana kan ON, yake riƙe ta lokacin kik, ya kuma mutu in an zare makulli. Muka sa fiyus mai lamba 5 a kusa da inda muka ɗauko, muka liƙe mahaɗan da dalma maimakon murɗawa, muka naɗe, muka ɗaure rilen a jikin ƙarfe don kada ya riƙa lilo. Awo na ƙarshe, bayan mota ta yi barci, 0.03. A haka, abin da za ta sha a rana bai kai amfiya-awa ɗaya ba. Na mayar da jar wayar mita raminta na bolt kafin in ajiye ta, wannan al'ada ce da take ceton mita.

Batirin kuma muka sake kai shi caji na a hankali har ya cika. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa ƙarar da shi ba, kamar yadda aka yi na sola. Duk lokacin da ya sauka ƙasa ya daɗe a haka, wani farin gishirin dalma yakan daskare a kan farantensa, ya rage masa ƙarfin riƙe caji, kuma in ya taurare ba ya komawa. Zafin Kano na watan Afrilu, da yakan haura 40, yana ƙara gaggauta lalacewar. Jona waya a yi zagaye ɗaya a unguwa yana tayar da mota ne kawai, ba ya cika batir.

Mai sabuwar mota da ke cike da kwamfutoci ya lura da abu biyu. Ya ajiye rimot nesa da motar lokacin awo, ya kuma sani cewa zare fiyus da mayarwa yakan farkar da abin da ya yi barci, lamba ta rikice. A irinsu an fi auna milibolt a kan ƙananan ƙarafa biyu da suke leƙowa a bayan kowane fiyus ba tare da an zare shi ba: wanda ya nuna sifili babu abin da ke bi ta kansa, wanda ya nuna lamba shi ake bi.

Yawancin motocinmu sun ratsa hannuwa da yawa kafin su zo gare mu, kuma kowane hannu yakan bar wata waya: tiraka, sifika mai ƙarfi, fitilun ado, caja, sikiyoriti. Babu laifi a ƙara wa mota abin da ake buƙata. Amma duk wanda zai ba rewaya motarsa ya yi masa tambaya uku kafin ya biya: daga ina ka ɗauko wutar, ina fiyus ɗinta, kuma nawa take ci in an zare makulli? Ta ukun a ce ya nuna a mita, aikin mintuna ne. Wanda kuma zai sayar da mota, ya gaya wa mai saye duk abin da ya ƙara mata da inda ya ɓoye shi. Wannan yana cikin amanar ciniki, domin wanda ya karɓi makulli shi zai ɗauki iyalinsa a cikinta, kuma yana da haƙƙin sanin kowace waya da take ɗauke da wuta a ƙarƙashin ƙafarsa.